Takardar da Yaya Bai Karanta Ba

Yayana ba ya karanta takardar mutane. Tun yana malamin makaranta a Madani haka yake, in ya kama ɗalibi da wasiƙa a aji sai ya naɗe ta ya sa aljihu, in an tashi ya mayar masa ba tare da ya buɗe ba. Da yaƙi ya koro mu, ni daga Khartum shi daga Madani ta jihar Jazira, muka haɗu a Gadarif a gidan kawunmu, sai ya shigo da wannan hali cikin shagon buga takardu da Kawu ya ba mu a bakin kasuwar hatsi. Duk abin da injin ya fitar, a kife yake ɗaukarsa, ya daidaita gefunan a kan tebur, ya zura a ambulan ya miƙa. Na sha yi masa tsiya, in ce wata rana zai buga takardar sayar da kansa ya miƙa wa mai saye har yana godiya. Amsarsa ɗaya ce kullum, wai takardar mutum al'aurarsa ce, kuma wanda ya zo gudun hijira ba shi da sauran sutura sai ita.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfa a gabansa. A ciki akwai tsohuwar kwamfuta da injin bugawa da benci, a waje kuma teburina inda nake gyaran waya. A Khartum ni ke kula da kwamfutocin wani ofishi, da kujerata mai juyawa, a Gadarif na koma canza bakin caji da busar da wayar da ta faɗa miya. Abin ya dame ni, kuma ban iya ɓoyewa, don haka masu kawo gyara sun san ni da ɗaure fuska. Ni na ɗora wa kwamfutar shagon tsarin sarrafawar nan na kyauta da ba ya saurin kamuwa da cutar kwamfuta, saboda filas ɗin adana takardu da mutane ke kawowa cike suke da cuta, tsohon tsarin kullum a kwance yake. Na ɗora, na haɗa injin, na nuna wa Yaya inda zai danna, na koma kan wayoyina.

Aiki kuwa akwai shi. A lokacin ba ka wuce shingen bincike sai da kwafin katinka da takardar shaidar inda kake zaune, masu neman taimako ma sai da kwafi, masu neman mafita zuwa ƙasar waje sai da kwafi. Ga kuma shabaka, wato intanet ɗin da ke saukowa ta kwanon tauraron ɗan'adam da Kawu ya kafa a rufin shagon lokacin da layukan waya suka ɗauke. Kawu dillalin riɗi ne, bai san kan waɗannan abubuwa ba, abin da ya sani kawai shi ne mutane na neman jin muryar 'yan'uwansu. Lambar shiga a rubuce take a jikin kwali a bakin ƙofa, mai hali ya ba da wani abu, marar hali ya shiga haka nan. Na taɓa cewa a riƙa sauya lambar, ya kalle ni kamar na ce a sa wa randar masallaci kwaɗo. Rabin layin a kan shabakarmu yake, masu shayi da direbobi da 'yan dako da mutanen da ban taɓa gani ba. Kwamfutar shagon ma a kanta take, don ta nan masu waya ke turo takardunsu.

Kaka ce, lokacin yankan riɗi, garin ya cika da leburori ana lodinsu a manyan motoci zuwa gonaki. Amma a shekarar ba maganar riɗi ake ba. Kullum da safe sai an tashi da sabuwar jita-jita cewa mayaƙan da suka kore mu sun matso ta hanyar Fau, ko kuma suna da mutane a ɓoye cikin kasuwa masu ba su labari. Kalmar da ke yawo a bakin kowa ita ce muta'awin, mai haɗa kai da su. Samari sun tsaya a kwanar kowane layi da sanduna, wasu da bindiga. Mu baƙi mun koyi yin sallama da ƙarfi da yin tafiya ba waige. Ni da aka raba da gidana da bakin bindiga, a ce wai ni ake kallo da gefen ido, wannan ya fi komai ci mini rai.

Ranar da abin ya faru, da hantsi wakilin wata gona ta wajen Basunda ya zo da katunan leburorinsa a filas, yana son kwafi kafin motarsu ta tashi. Yaya ya danna, injin ya yi ta zubo takardu, ya tattara a kife, ya zura a ambulan mai hatimin shagonmu. Wakilin ya tsallaka wurin mai shayi, ya zauna a kan kujerar roba yana rarraba wa kowa tasa. Ina kan gyaran wata waya na ji hayaniyar layin ta ɗauke ɗif. Na ɗago. Wani lebura na riƙe da takarda yana karantawa da ƙarfi da Larabci, yana tuntuɓe a kan kalmomin. Takardar ba kati ba ce. Da manyan baƙaƙe take gaya wa mutanen gari cewa mayaƙan suna nan tafe, mutanensu na cikin kasuwa sun riga sun san gidan kowa. Irinta sun fi ɗaya a cikin ambulan ɗin.

Wakilin aka fara mari. Ya faɗi daga kujerar, ya ɗaga ambulan ɗin sama yana nuna hatimin, yana nuna ƙofarmu. Kafin in zagayo teburina sun cika shagon. Suka jawo Yaya ta wuyan jallabiya, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, yana cewa me ya faru, me ya faru, domin shi kaɗai ne a layin bai san abin da ke cikin takardar ba. Sanda ta farko a ƙeya ta same shi. Ya durƙusa, suka rufe shi. Leburorin da ƙotar lauje suke duka, samarin kwana da gora, wani ɗan dako ya ɗauko ƙarfen awo daga kan sikelin maƙwabcinmu ya sauke masa a fuska. Na ji ƙarar tabaransa. Ya miƙo hannun dama yana laluben ƙasa, wani mai takalmin soja na gwanjo ya taka hannun ya murza, ya sake takawa.

Na ɗauki kujerar ƙarfe da nake zama na maka wa na farko da na samu, ya zube. Na biyu ban kai gare shi ba, aka doke ni a gwiwa, wasu suka danne ni da fuskata a ƙasa, ƙasa cike da bakina. Daga nan nake kallon sauran. Aka fito da injin aka ɗaga aka buga da ƙasa, aka bi shi da duwatsu, baƙin garin tawadar ya tashi ya sauka a kan kowa, ya haɗu da jinin Yaya ya zama taɓo. Wani yana ihu a kawo taya. A cikin masu dukan na gane wani mutum da Yaya ya buga wa takardun asibitin 'yarsa kyauta a makon, yana dukan da hannu biyu, yana haki. Har yau ina ganinsa a kasuwa, kuma har yau ban amsa sallamarsa ba.

Kawu ne ya hana a kai ga taya. Ya taho da gudu daga rumfar riɗi, tsoho mai ciwon ƙafa, ya warware rawaninsa ya jefa a tsakiyarsu alamar roƙon su dakata, sannan ya kwanta a kan Yaya ruf da ciki. Sanduna biyu ko uku sun same shi kafin su gane ko wane ne. A garin an san shi, ya sayi riɗin iyayen da yawansu. Suna cikin wannan tsayuwar cirko-cirko motar masu tsaro ta iso, aka yi harbi sama, aka ɗaga Kawu, aka ciccibi Yaya aka jefa a bayan motar, aka shiga shago aka ɗauki akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur. Ni ba wanda ya kula ni, a ganinsu mai gyaran waya ne kawai da ya shiga faɗan da ba nasa ba.

Da yamma Kawu ya dawo daga ofishin da aka kai Yaya, ya zauna a tabarma bai cire takalmi ba. Ya ce an ɗinke masa kai, idon hagu kuma sai abin da Allah ya yi. Sannan ya faɗi wadda ta fi nauyi. In aka tabbatar shi ya buga takardar, a wannan hali na yaƙi, hukuncin igiya ce ko ɗaurin da ba a fitowa. Shaidu kuma sun cika kasuwa, kowa ya ga hannunsa ya ɗauka ya miƙa. Matar Yaya tana bayan ƙofa tana ji, ba ta yi kuka ba, sai na ji tana ta wanke kwano ɗaya.

Da aka bar ni na gan shi, yana kwance a kan siminti a wani ɗaki mai ƙaramar taga, kansa a naɗe, hannun ya kumbura ya yi baƙi. Ban tambaye shi jiki ba, raina ya ɓaci da yawa. Na ce ya gaya mini duk abin da ya danna, ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar maganar ke fita ta kumburarren bakin. Ya ce yadda na koya masa ya yi. Sai ya ƙara da cewa kwanan nan sunan injin sau biyu yake fitowa a allon, shi kuma wanda hannunsa ya kai yake dannawa, tunda dai takarda na fitowa bai ga dalilin damuna ba. Inji ɗaya na haɗa. Na fito daga ɗakin na nufi shago.

Na zauna a rumfar shagon da aka farfasa, na shiga bincike a wayata, ban daɗe ba na samu. Labarin ya yi makonni yana yawo a duniya, mu muna nan muna buga katunan leburori. Manhajar da ke kula da bugawa a irin tsarin da na ɗora tana da ɓaraka. Akwai wani sashe nata da ke zaune a bakin ƙofa yana sauraro, duk injin da ya yi sallama a shabaka ya ce shi injin bugawa ne sai ya shigo da shi ba tambaya, halin Kawu sak. Mugu zai iya yin sallamar da injin ƙarya. Ranar da mai shago ya tura aiki ga na ƙaryar, umarnin da mugun ya ɓoye a ciki sai ya tashi, daga nan ya sa kwamfutar ta yi masa abin da ya ga dama, har da tura wa injin gaskiya takardar da ba wanda ya nema.

A saman labarin akwai maki. Masu wannan sana'a suna auna kowace ɓaraka daga sifili zuwa goma, su kira ta ƙarama ko matsakaiciya ko babba ko mai tsanani. Na san da wannan tun a Khartum, amma a can lamba ce kawai da ke gaya mini wane gyara zan fara yi kafin in tafi cin abinci. Wannan karon makin da na gani saura ƙiris ya cika goma. Wallahi na yi murna da shi kamar an yi mini haihuwa. Na ɗauki wayar na nufi ofishin ina ɗingishi.

Jami'in da ke riƙe da maganar mutum ne mai furfura a gefen kai da idanun wanda bai ƙoshi da barci ba. Ba wawa ba ne, kuma bai zage ni ba. Ya saurara, ya kalli makin, ya ce yana da suruki injiniya a ƙasar waje, zai tambaye shi. Kashegari da na koma, ya juyo mini da tasa wayar.

"Ya zol, bawan Allah, lambarka tsohuwa ce," in ji shi. "Masu abin da kansu sun sauko da ita. Surukina ya ce zuzutawa aka yi, yawancin kwamfutoci abin bai ma shafe su ba. To in ba mai tsanani ba ce, ta yaya baƙo ya shigo ya buga takarda a hannun yayanka?"

Gaskiya ya faɗa, an sauko da ita. Na koma na karanta gardamar gaba ɗaya, raina na tafasa. Wanda ya gano ɓarakar yana cewa an raina aikinsa, masu manhajar suna cewa ya cika baki, kowane ɓangare da nasa makin, suna ta jayayya a kan ɗigon da ke bayan lamba yayin da hannun Yaya ke ruɓewa a kan siminti. Da na huce kaɗan na duba dalilansu, sai na ga ba ƙarya suka yi ba. Awon tambayoyi ne. Daga ina mugun zai iya kaiwa ga kwamfutar, sai da mabuɗi ko ba sai da shi ba, shin dole sai mai kwamfutar ya yi wani abu da hannunsa kafin tarkon ya kama. Suka ce a yawancin wurare akwai katanga tsakanin kwamfuta da baƙi, sai wanda ke cikin shabakar gidan zai kai ga ƙofar. Suka ce kuma ko ya kai, sai an yi rashin sa'a wani ya buga takarda ta injin ƙaryar. Waɗannan biyun suka rage makin.

To mu katangarmu kwali ce a bakin ƙofa da lamba a jikinta. Rashin sa'ar da suke magana kuwa ita ce sana'armu tun safe har magariba. Duk abin da ya sa suka ga ɓarakar da sauƙi, a shagonmu shi ne ya sa ta yi muni. Har akwai wani sashe a awon nasu da aka bar wa mai wuri ya cike da kansa, ya faɗi yadda gidansa yake da abin da zai rasa in an shigo, makin ya hau ko ya sauka. Kusan ba wanda ke cike shi, lambar farko ake ɗauka a wuce. Na duba sashen da kyau. Akwai gurbin asirin da zai tonu da na aikin da zai tsaya. Ban ga inda zan rubuta ido ba.

Na koma na zayyana wa jami'in duk wannan. Ya bar ni na gama, ya ce magana ce mai daɗi, amma shi takarda yake da ita a hannu da kasuwa guda ta shaidu, ni kuma lamba nake da ita da masu ita suka janye. In abin yana yiwuwa, in nuna masa da idonsa.

Kawu ya gane abin da wannan ke nufi kafin ni. Ya ce duk wanda ya sa injin ya buga takarda daga nesa a gabansu, ya nuna musu mutum ɗaya a garin da ya iya, kuma mutumin teburinsa na ƙofar shagon, wato ni. Ya kai wa Yaya abinci ya gaya masa, ya dawo da saƙo cewa Yaya ya ce bai yarda ba, in ina ganin girmansa kada in yi, 'ya'yana ƙanana ne nasa sun tasa. Na ce wa Kawu ya koma ya gaya masa tun muna yara ban taɓa jin maganarsa ba, ba yanzu zan fara ba. Tsoro kuwa na ji shi sosai. Amma hanyar a buɗe take a intanet, wanda ya gano ɓarakar ya bayyana yadda take aiki, na ari ƙaramar kwamfuta wurin wani ɗan Khartum na yi ta gwadawa har ta kama.

Da safe aka yi. Aka kunna akwatin shagonmu a kan teburin jami'in, aka haɗa shi da injin bugawa na ofishin, ya buɗe shabaka daga wayarsa ya sa mu duka a kai. Ni aka zaunar da ni a waje ƙarƙashin dalbejiya, da mai gadi tsaye a kaina da bindiga, don kada a ce na taɓa wani abu. Ta taga na ce wa jami'in ya zaɓi duk takardar da yake so ya buga, ya danna sunan injin da ya gani. Ya zaɓi wata takardar neman hutu. Na ji injin ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Aka kira ni ciki. Yana tsaye da takardu biyu a hannu. A ta biyun layi ɗaya na sa da manyan baƙaƙe: wa ya buga wannan?

Ya daɗe yana kallonta. Da na yi shiru a nan, da wataƙila haƙorana suna nan cif. Amma na tuna ƙarar tabarau, zuciya ta ɗebe ni.

"Kai ka danna, kai ka ɗauka," na ce. "Sai a kira mutanen kasuwa su zo da sandunansu."

Gindin bindigar mai gadin ya same ni a baki. Na faɗa kan benci, ya bi ni da ƙafa a haƙarƙari har sai da jami'in ya daka masa tsawa. Na tofar da haƙori a kan simintin ofishin. Jami'in ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya ce a fito da malamin a kai shi asibiti, ni kuma a shigar da ni, ina da tambayoyin da zan amsa. A bakin ƙofar ɗakin muka haɗu, mutum biyu na riƙe da Yaya. Ya juyo da idon da ke buɗe ya kalli bakina.

"Ba ka ji ba," in ji shi.

"Ban ji ba, Yaya."

Na yi kwanaki a ɗakin. Tambayar ɗaya ce ake juya ta, wa ya koya mini, wa nake yi wa aiki, wasu ranakun da baki wasu da tiyo. Suka bincike wayata da kwamfutar aron, ba su ga komai ba sai gwajin da na yi bayan an kama Yaya. Kawu ya tattaro dattawan unguwa suka tsaya mini, matar nan mai shayin layinmu ta zo da kanta ta ce tun da na zo garin ba ta ga na yi wani abu ba sai gyaran waya da faɗa da mutane. Aka sake ni. Wanda ya yi aika-aikar ba a taɓa saninsa ba. Ko ɗan leƙen asiri ne na gaske, ko wani mai jin haushin shagon, ko wani ɗan iska da ya karanta labarin ya ce bari ya gwada ya yi dariya, yana zaune a rumfarmu yana shan shayi a kan shabakar Kawu, ban sani ba. Wannan rashin sanin yana ci na har yanzu.

Da aka dawo mana da akwatin, na kashe sashen nan mai amsa sallama, na ɗora gyaran da masu manhajar suka fitar tuntuni, na raba shabakar baƙi da ta kwamfuta. Duka aikin bai kai a sha kofin shayi ba. Kwalin lambar yana nan a bakin ƙofa, Kawu ya ce ba za a cire ba, ban kuma yi musu da shi ba. Muka samo wani injin na hannu. Wasu daga cikin mutanen layin suka zo ba da haƙuri da buhun dawa, Yaya ya karɓe su ya sa aka kawo musu ruwa, ni na tashi na bar rumfar.

Idon hagun bai dawo ba, yatsu uku na dama kuma sun ƙage. Na ɗauka ba zai ƙara shiga shagon ba, amma yana samun ƙarfi ya koma kujerarsa, yana danna abubuwa da hagu a hankali. Ranar da ya fara aiki ina teburina ina leƙensa. Wata mata 'yar Jazira ta shigo, da alama ba ta daɗe da isowa ba, ta turo takardunta ta waya, ta ce a yi mata kwafi. Injin ya fitar. Yaya ya miƙa hannu ya ɗauka a kife yadda ya saba, ya daidaita gefunan a kan tebur, ya jawo ambulan. Sai hannun ya tsaya.

Ya juya takardun. Ya ɗaga ta farko kusa da idon da ya rage, ya bi ta layi-layi har ƙasa, ya ajiye, ya ɗauki ta biyu. Daga inda nake na hango hatimin asibiti, kuma na san irin takardar da matan da mayaƙan suka ci wa mutunci a can suke zuwa da ita daga wurin likita. Matar ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta. Bai tsallake ko layi ɗaya ba. Na yafe haƙorina, wata rana ma wataƙila in yafe idon Yaya, amma wannan ban yafe wa kowa ba.

Ya gama, ya zura a ambulan, ya miƙa mata da hannun hagu. Bai iya kallonta ba.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji shi. "Dole ce."

Ta karɓa ta fita. Ya cire sabon tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce na gaba ya shigo.